Shekarar Da Aka Hana Wa Tumatirina Ruwa

Shekarun baya, tun ƙafafuna suna kai ni fadama su dawo da ni ban nemi wurin zama a hanya ba, an taɓa tara mini maza a kan tumatir. Ɗiyata ta dame ni sai na ba ku labarin, wai masu bin ta a waya suna son irinsa. Na ce to, amma ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Ƙauyenmu yana gabas da Hadejia, ta hanyar Guri. Da damina in kogi ya cika sai da kwalekwale, in ya janye kuma ya bar mana ƙasa baƙa mai laushi, kowa ya koma noman rani. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar mini 'yar gona a bakin ruwa. Ba ta da faɗi, amma ita ce ta farko a layi. Mu da maƙwabtan gona injin ban-ruwa ɗaya muke da shi, kowa yana kawo nasa man. In aka tayar da shi, ruwan yana bin hanyar da aka haƙa masa, ya fara wucewa ta gefen fangalina kafin ya gangara wajen sauran mutane.

Tumatirin da nake shukawa ba irin na kowa ba ne. Mahaifiyata ce ta zo da irinsa daga can bakin Tafkin Chadi, a ƙulle a bakin zane, lokacin da aka kawo ta aure. 'Ya'yansa ƙanana ne, masu tsaga-tsaga kamar kabewa, ga tsami. Ba ya jure tafiya. In ka zuba shi a kwando ka ɗora wa babur, kafin Hadejia ya zama miya, shi ya sa dillalai ko kallonsa ba sa yi. Amma a yanka shi a shanya, kauɗarsa 'yar kaɗan ta ishi tukunya.

Mutane suna cewa tumatir ai tumatir ne. Wanda bai taɓa tsugunawa a gindinsa ba ne ke faɗar haka. Kowane tumatir yana da gashi a kara da ganye, amma gashi ya fi gashi. Na gwangwani, wanda maza suka koma sayen irinsa a gwangwani a kasuwa, nasa gajere ne, tsilli-tsilli, mai laushi kamar na goshin jariri. Akwai wani mai dogayen 'ya'ya da aka fi shukawa a da, shi nasa ya ɗan fi yawa, yana sa ƙaiƙayi a damtse. Nawa kuwa kamar bargo Allah ya lulluɓa masa. Da safe in rana ta fito ta bayansa sai ka ga karan ya yi fari yana ƙyalli. Kuma gashin iri biyu ne. Akwai dogaye masu tsini, akwai wasu gajeru a ƙarƙashinsu masu ɗan kai kamar ɗigon raɓa. Su ne masu danƙo. Kana taɓawa kan zai fashe, wari ya tashi har cikin hanci. Ƙananan ƙwari in suka sauka ƙafafunsu su maƙale, in zo da safe in tarar da su a manne. Akuya ma in ta kutso sai ta sansana, ta yi atishawa, ta wuce gaba.

Wannan danƙon shi ke ɓata hannu. Ka yini a cikinsa, tafinka ya yi baƙi da kore-kore a gefe kamar na marini. In ka sa sabulu, ruwan wankin ya fito rawaya kamar an jiƙa ɗorawa. Na gwangwani ma yana yi, amma kaɗan, ba mai lura. Ni kuwa tun zuwan inji, in na tashi daga aiki, a bakin hanyar ruwan nan nake tsugunawa in wanke hannuna, kumfa ta bi ruwa ta tafi. Ba wanda ya taɓa ce mini don me.

Sai shekarar tsutsa ta zo. Wanda ya yi tumatir a lokacin ba sai na gaya masa ba. 'Yar ƙarama ce, ba ta cin ganye ta waje kamar 'yan'uwanta. Ciki take shiga, tsakanin fata da fata, ta cinye koren ta bar maka ganye fari kamar ledar da ta sha rana, daga nan ta huda 'ya'yan. Uwarta wani ɗan ƙwaro ne toka-toka mai fiffike, da yamma za ka ga suna tashi kamar hayaƙi. Maza suka yi ta feshi har suka gaji, tsutsa kamar fura ake dama mata. Gona kore shar yau, kafin ka ankara ta koma kamar an bi ta da wuta.

Nawa ma ta taɓa shi, kada wani ya ce na ce bai ji komai ba. Ganyen ƙasa, tsofaffin da gashinsu ya kaɗe, duk ta shige su. Amma saman yana tsaye yana fure. Na sha zama da yamma ina kallon ƙwarin nan. Su zo su yi ta shawagi a kan nawa, ɗaya ya sauka ya yi ta ɗaga ƙafa kamar wanda ya taka yashi da rana tsaka ba takalmi, sai ya tashi ya wuce. Ina zai wuce? Gonar da ke kusa.

Gonar da ke kusa kuwa ta maƙwabcina ce, ɗan aminin maigidana. Yaro ne a wajena duk da ya fara furfura, don ni na dafa wa uwarsa ruwan wankan jego da aka haife shi. Mutum ne mai ƙwazo, wannan ban ɗauke masa ba. Duk ƙarfinsa na shekarar a gonar nan ya zuba shi, ga iyali cike da gida. Na ga ranar da ya tsaya a tsakiyar fangalinsa, hannu biyu a ka, ya kalli nasa ya kalli nawa. Na yi masa sannu bai amsa ba. Tun a nan na san akwai magana a gaba.

Ba a daɗe ba na shiga wani gidan suna, mata suna ta hira, ina yin sallama aka yi tsit kamar an ɗauke ruwan sama. Wata ta jawo ɗanta ta ɗora a cinya. Na zauna, na ci wainata, na yi addu'a na fito. Ban tambayi kowa ba. Magana in taka ce da ƙafarta za ta zo.

Ɗana na fari ne ya kawo mini ita. Ya shigo bayan la'asar, ya tsuguna daga bakin ƙofa yana ta murza hularsa.

"Iya, ana wata magana a gari."

"Gari ba ya rasa magana. Wacce daga ciki?"

"Wai ke kike kora musu tsutsa. Wai akwai abin da kike zubawa a ruwa. An ce an ga ruwan yana canza launi in kin taɓa shi."

"An gani, ko ka gani?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Wai asirin mutanen Barno ne, wanda kaka ta bar miki."

Na ce, "Kakarka ta bar mini turmi, ta bar mini tukunyar ƙarfe, ta bar mini tumatir. Tashi ka duba mini wanne ne asirin a ciki."

Ya ce ai shi bai yarda da zancen ba ko kaɗan. Amma don a zauna lafiya me zai hana a tuge tumatirin, tunda dai ba ya shiga kasuwa? Baɗi shi da kansa zai sayo mini na gwangwani.

Na ce, "In na tuge, me na ce wa garin? Na ce da gaskiyarku, kun kama ni. Gobe 'ya'yanka su je ɗiban ruwa a nuna su a ce jikokin wance. Tashi ka ba ni wuri."

Matarsa tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji komai, ba ta ɗaga kai ba. 'Yar cikin garin Hadejia ce, mai tsabta har ta so yin yawa. Ba ta taka fadama sai in ta kawo abinci, shi ma daga kan gaɓa take miƙowa. Ni da ita ba ma faɗa, ba ma kuma hira. Ita tana ganin na cika sa ido, ni ina ganin ta cika man shafawa. Kowa da gaskiyarsa.

Bulama, wato mai garinmu, ya aiko a kira ni. Mutumin kirki ne, sai dai irin kirkin nan da ke son kowa ya tashi yana murmushi. Ya ce a fadama za a zauna don a ga abin da ido. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tsamiyar da ke kan gaɓa, duk masu gona a layinmu sun hallara, har da waɗanda ba su da ko fangali ɗaya. Aka nuna mini gefen tabarma. Na ce a tsaye na fi jin magana.

Maƙwabcina ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin Bulama, ni ban ce Iya mayya ce ba."

Na ce, "To me ka ce?"

"Na ce kowa ya gani. Ruwa yana fitowa daga inji fari tas, ya wuce ta wajenta ya koma rawaya, ya shigo gonakinmu. Namu ya ƙone, nata yana fure. Ƙwarin ma in suka zo kan nata juyawa suke yi kamar an yi musu magana. Da idona na gani."

Na ce, "Gaskiya ya faɗa. Ni ma na gani. Juyawa suke yi."

Wuri ya ɗauki ƙus-ƙus. Ɗana ya dafe goshi. Bulama ya ce, "Iya, kin amsa ke nan?"

"Na amsa ƙwaro yana da hankali, ranka ya daɗe. In aka shimfiɗa maka tabarma biyu, ɗaya an watsa mata ƙarangiya, ɗaya sumul, a kan wacce za ka kwantar da jikanka? Ƙwaron nan wurin ajiye ƙwai yake nema. Nawa ga gashi, ga danƙo, ga wari. Nasu kamar kumatun amarya. Ni na aike su kasuwa su sayo mai santsi?"

Wani dattijo ya fashe da dariya, da ya ga shi kaɗai ne sai ya mayar da ita tari.

Maƙwabcina ya ce, "Ruwan fa? Ruwan ma gashi ne?"

"Dauɗar hannu ce. Tun ubanka yana noma gonar nan nake wanke hannu a wurin, ban ji ya ce tumatirinsa ya ƙone ba. Amma ba sai mun ja ba. Ga gona nan, ga sabulu a bakin zanena. Shiga ka shafa ganyen da hannunka ka fito ka wanke. In ruwan bai yi rawaya ba, ni da kaina zan tuge shi yau."

Sai ya ja da baya. "Ni ba zan taɓa ba."

"Kai da ka yi mini kashi a cinya, yau ganye kake tsoro?"

Nan kam an yi dariya. Amma dariya ce kawai, ba wanda ya motsa. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, maza masu gemu, masu kama kifi da hannu a cikin duhun ruwa, kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Na kalli ɗana. Shi ma ƙasar yake kallo. Wani daga baya ya ce to ta rantse da Alƙur'ani mana, magana ta ƙare. Na ce ba zan sa a ɗauko Littafin Allah a kan kumfar sabulu ba, wanda ke son hakan ya nemi tasa rantsuwar.

Ashe matar ɗana tana kan gaɓa, ta kawo abincin rana ta tarar da taro. Sabon lalle ne a hannunta, ja wur har wuyan hannu, don bikin ƙanwarta ya matso. Ban ga saukowarta ba, sai ƙarar ajiye kwano na ji. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta ratsa ta gefen maza ba ta kalli kowa ba, ta shige gonata da takalminta mai kyau. Ta cusa hannu biyu cikin ganye har gwiwar hannu, ta yi ta murzawa kamar mai wankin zane. Ta fito tana atishawa, idonta yana hawaye. Ta karɓi sabulu a hannuna, ta ɗebi ruwa a ƙwarya ta wanke. Ruwan ya juye rawaya a gaban kowa.

Ta ɗauki ƙwaryar ta ajiye gaban Bulama, ta rusuna ta ce, "Ga shi, Baba. Ni dai ban san hanyar Barno ba, iyakata Gumel."

Wallahi a lokacin na ɗauka magana ta mutu. Ashe ban gama sanin mutane ba, duk sa idon nawa. Wani ya ce ai 'yar gida ce, tuwonsu ɗaya. Wani ya ce a'a, wannan ma ya nuna abin a jikin shukar yake, shukar ce aka haɗa. Kafin a ce me, abin da yarinyar ta ɓata lallenta don ta wanke ni da shi, shi ya zama hujjarsu.

Bulama ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Iya, ni ban same ki da laifi ba. Amma ba zan iya cire wa mutane tsoro daga ciki ba, kuma sun yi asara. Ko dai a tuge shi, ko ki haƙura da ruwan inji bana."

"Wanda ba a samu da laifi ba shi ake hana wa ruwa?"

"A yi haƙuri, Iya."

"Na ga haƙurin ni kaɗai ake auna wa. Ku riƙe ruwanku. Tumatir yana nan inda yake, wanda ya isa ya zo ya tuge, tunda taɓawa ma ta gagara."

Ranar suka toshe bakin da ruwa ke shiga fangalina da laka. Ruwan kuma bai fasa wucewa ta gefen gonata ba, don ba shi da wata hanya. Ina tsaye ina kallonsa yana tafiya wajen gonakin da suka riga suka mutu. Da na so, lokacin da ba kowa sai in sa fartanya in ɗan buɗe. Na sha tsayawa a wurin, ba zan ɓoye muku ba. Amma na ce ruwan sata ba zai shiga tumatirin mahaifiyata ba, don ranar da aka kama ni da wannan, sauran ƙaryar ma ta zama gaskiya.

A bayan rumbu akwai itacen jigon maigidana, tun na kafin zuwan inji. Yaran yanzu ba su san jigo ba. Doguwar sanda ce ake ratayawa a kan gwafa biyu a bakin ruwa, a ɗaure guga a kai ɗaya, a ɗaure curin laka a ɗaya kan. Ka ja guga ƙasa ta cika, nauyin lakar ya taya ka ɗagowa, ka juye. Da safe na je na tarar ɗana ya riga ni, ya kafa gwafannin yana ɗaure igiya. Da ya gama ya tafi.

Masu wucewa a babur suka samu abin kallo. "Iya ta dawo mana da zamanin da!"

Ina ja ina ba su amsa. "Zamanin da ne ya haifi ubanka!"

Bakina ya fi kafaɗata ƙarfi, wannan shekarar na tabbatar. Taurin kai ba ya ɗaga guga. Kafin hantsi hannuwana sun mutu, in dawo gida ko ludayi ba na iya riƙewa. Ga kogi yana ta ja da baya kullum, ga ciyawar kacala ta cike bakin ruwa sai an sare ta kafin guga ta nutse. Matar ɗana ta fara zuwa, wai abinci ta kawo, sai ta ajiye ta ce, "Iya, matsa in gwada." Jan farko guga ta kusa tafiya da ita kogi. Na ce ba da hannu ake ja ba, da baya ake ja. Ta ce ai da an faɗa tun farko. Haka muka riƙa yi, ni in ja in gaji, ita ta karɓa. Bikin ƙanwarta da hannu kamar na maƙeri ta je shi. Da dangi suka tambaya, ta ce musu sabon lalle ne, a fadama ake yinsa, wadda ke so ta zo da asuba.

Duk da haka ruwan mu biyu bai ishi gonar ba. Ganye ya fara langaɓewa tun kafin azahar. Na ga in na ce sai na raya duka, duka zan rasa. Dole na zaɓi waɗanda za su sha da waɗanda zan bari. Wannan ya fi zaman gaban Bulama yi mini ciwo. Na bi su gindi-gindi ina shafawa da bayan hannu, don ko a cikin nawa ma wani ya fi wani. Akwai masu manyan 'ya'ya amma gashinsu ya yi sako-sako, kamar sun ɗan auri na maƙwabta. Akwai waɗanda in ka taɓa sai yatsunka su manne. Su na ware.

Yarinyar ta ce, "Iya, wancan fa? Ji 'ya'yansa, ya fi duka kyau."

Na ce, "Kamo ganyensa ki sansana."

Ta sansana. "Ba wari sosai."

"To juya bayan ganyen."

Ta juya, ga layin tsutsa fari a ciki. Ba ta ƙara tambaya ba. Daga ranar ita ke riga ni gano mai danƙo.

Fiye da rabin gonar ya bushe a tsaye ina kallo. Abin da ya rage ya nuna. Na zaɓi 'ya'yan da suka fi ja, na matse irinsu a kan tsohon ƙyalle, na barbaɗa toka na shanya a inuwa, yadda na ga mahaifiyata tana yi. Saura muka yanka muka shanya a kan tabarmi. Kauɗar ba ta da yawa, amma gidanmu bai ci farar miya ba shekarar.

Duk shekara ina aika wa gidan maƙwabcina kwano ɗaya na kauɗa, tun uwarsa na da rai. Shekarar ma na aika, don ban ga abin da yaransa suka yi mini ba. Kwanon ya dawo a rufe yadda ya tafi. Na juye a tukunyata. Miyar ta yi daɗi ƙwarai.

Da ruwa ya sake janyewa aka fara dashe, ban jira aike daga kowa ba. Ranar da aka tayar da inji na ɗauki jarkar man fetur a ka, na ajiye ta a gindinsa kowa yana gani. Na ɗauki fartanya na je bakin fangalina na fasa lakar nan. Ruwa ya shiga. Na tsaya riƙe da fartanyar ina jiran mai magana. Wani ya duƙa gyaran tiyo, wani ya tuna ya bar abu a gida. Maƙwabcina ya juya baya. Kogin ai ba na uban kowa ba ne, kuma kafaɗata ta riga ta gaya mini ba za ta sake shekara a jigo ba.

A cikin kwanakin dashen ne matar maƙwabcin ta shigo gidana da azahar, lokacin da gari ke kwance, ta ƙofar baya inda muke fitar da toka. Mace ce mai kunya, ba ta taɓa saka baki a maganar ba. Ta gaishe ni ta sake gaishe ni, ta tambayi jikoki ɗaya-ɗaya. Can ta ce, "Iya, wai ko akwai ragowar dashen nan naki? Ko kaɗan ne. A gefe-gefe za a sa."

"Wa ya aiko ki?"

Ta kama wasa da bakin mayafi.

Na ce, "Ke ba ki yi mini komai ba, in miya kike so ɗauki kwano in cika miki yanzu. Amma dashe na gona ne, gona kuma tasa ce. Wanda ya tara mini maza da rana tsaka a ƙarƙashin tsamiya, ya zo da rana tsaka ya karɓa. Ba sai ya ce yi haƙuri ba, na yafe masa wannan. Ya dai shigo ta ƙofar gaba, ya fita da shi a hannu mutane suna gani."

Ta karɓi kauɗa ta tafi. Wannan karon kwanon wanke shi aka yi aka dawo da shi.

Daga baya wasu sun zo, cikinsu har da dattijon nan mai tari. Duk wanda ya yi sallama ta gaba na ba shi, ban tuna masa komai ba. Yanzu in ka bi layinmu za ka ga mai gashin nan jefi-jefi a gefen gonaki. Ba wai ya kori na gwangwani ba, mai neman kasuwa dole ya shuka abin da ke jure mota, ni ma na sani. Tsutsar kuma ba ta bar ƙasar ba, tana zuwa tana tafiya. Ba wanda ya taɓa tsayawa a gaban jama'a ya ce abin da aka faɗa a kaina ƙarya ne. Maganar dai ta tsufa ta mutu da kanta.

Abin da na ɗauka a ciki shi ne, mai asara yana neman fuskar da zai ɗora wa asararsa, ta tsohuwa marar miji kuwa ita ta fi kusa da hannu. Kuma in an ce ka ba da kaɗan don a zauna lafiya, ka fara duba abin da ake so ka amsa da bayarwar. 'Ya'yana har yau suna cewa na cika tsauri, in ɗan riƙa sassautawa. Wataƙila da gaskiyarsu. Matar ɗana ce ke riƙe da gonar yanzu, ita ke zaɓen iri, ni nawa ido ne da faɗa, kuma har gobe gishirinta yana yawa a miya.

Shi kuwa maƙwabcina muna gaisawa. Na je sunan jikokinsa, ya zo gaisuwa da na yi rashi. Duk kaka ina zuba iri fiye da abin da muke buƙata, in ware 'yan gindi a gefe har ƙarshen dashe. Bai zo ba tukuna. Ƙofata dai hanya take kallo, kuma a buɗe take yini.